Shikinya Gonzaga Da Fiyanon Aurenta

Yau tafiyar tamu mai nisa ce, don sai mun tsallaka teku mun sauka a Burazil, ƙasar da yawancinmu ba mu san ta da komai ba sai ƙwallon ƙafa. Tarihin wata mata zan ba ku, Francisca Gonzaga, wadda mutanen ƙasarta suka fi sani da sunan gida, Chiquinha, ana faɗinsa Shikinya. Tana cikin mutanen farko da suka gina kiɗan gargajiyar birane na Burazil, kuma ita ce macen da ta fara tsayawa gaban taron makaɗa ta ja ragamarsu a ƙasar. Amma kafin ta kai nan sai da ta rasa aurenta, ta rasa gidan ubanta, ta rasa renon uku daga cikin 'ya'yanta huɗu. Ki gyara zama ki ji yadda aka yi.

ASALINTA

An haifi Shikinya ranar 17 ga Oktoba, 1847, a birnin Rio de Janeiro, wanda shi ne babban birnin ƙasar a lokacin. Sarki ke mulki, Pedro na Biyu, kuma bauta na nan da ƙarfinta. Babu ƙasar da aka kai wa bayi daga Afirka kamar Burazil, don mutum fiye da miliyan huɗu aka sauke a can. A cikinsu har da Hausawa, waɗanda aka fi kaiwa yankin Bahiya, inda suka yi ta yunƙurin bore tun daga 1807. To a irin wannan ƙasa, launin fatar mutum da asalin uwarsa su ke nuna ƙofar da zai shiga da wadda za a rufe masa.

Mahaifinta, José Basileu Gonzaga, hafsan soja ne, farar fata, ɗan babban gida. Mahaifiyarta kuwa, Rosa, 'yar baiwa ce, ruwa biyu. Danginsa ba su so haɗin ba ko kusa, har aka haifi Shikinya ba a ɗaura musu aure ba. Daga baya ne ya toshe kunnensa ya aure ta, ya karɓi yarinya a matsayin 'yarsa ta sunna. Ki riƙe wannan a ranki, 'yar uwa, don za mu dawo kansa.

Uban ya ƙudura cewa 'yarsa za ta tashi kamar 'ya'yan manya. Aka ɗauko mata malamin karatu da rubutu da lissafi da harsuna, aka ɗauko mata malamin fiyano. A Rio ta wancan zamani fiyano shi ne adon falo, har ana yi wa birnin kirari da garin fiyano. Duk gidan da ke ji da kansa sai ya ajiye ɗaya, kuma duk budurwar da ake so ta samu miji na nuna wa sa'a sai ta iya kaɗa 'yan waƙoƙi ta nishaɗantar da baƙi. Wato iya fiyano wani ɓangare ne na kayan ɗakin amarya, kamar iya girki da ɗinki. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa yarinya za ta ɗauke shi da gaske. Ita kuwa Shikinya tana 'yar shekara 11, a bikin Kirsimeti na 1858, ta tsara waƙarta ta farko, yaran gida suka rera. Aka yi tafi aka yi dariya, aka ce yarinta ce, za ta bari.

AURE

A 1863, tana da shekara 16, ubanta ya aurar da ita ga Jacinto Ribeiro do Amaral, saurayi mai dukiya da harkar jiragen ruwa, wanda ya girme ta da shekara takwas. Zaɓin uba ne, ita ba a tambaye ta ba. Kyautar da uban ya yi mata ta aure kuwa, fiyano ce.

Ashe kishiya ya kai wa surukinsa gida bai sani ba. Jacinto ya lura matarsa ba ta da magana sai ta kiɗa, in ya fita ya bar ta a kan fiyano, in ya dawo ya tarar da ita a kai. Ta haifi João Gualberto a 1864, ta haifi Maria a shekarar da ta biyo, amma haihuwa ba ta raba ta da abin ba. Ana cikin haka Burazil ta shiga yaƙi da maƙwabciyarta Faraguwai, yaƙin da aka yi daga 1864 zuwa 1870. Gwamnati ta yi hayar jirgin Jacinto mai suna São Paulo don jigilar sojoji, cikinsu har da bayin da aka 'yanta don a tura su fagen fama. Sai ya ga dama ta samu, ya ɗauki matarsa da ɗanta na fari ya sa su a jirgi, don a tsakiyar ruwa dai babu fiyano. Can cikin jirgin ta samu jita, ta ci gaba da abinta. A wannan tafiya kuma ta ga irin wulaƙancin da ake yi wa baƙaƙen sojoji, mutanen da jininsu ɗaya da na uwarta, abin ya tsaya mata a rai.

Da suka dawo rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A ƙarshe maigida ya gindaya mata sharaɗi, ko shi ko kiɗa. Ta zaɓi kiɗa, ta tattara ta fita.

Kada ki ɗauka fitar ta yi kama da yaji irin wanda za a je biko a sasanta. A Burazil ta lokacin aure a hannun cocin Katolika yake, kuma babu saki irin wanda mace za ta gama idda ta sake wani auren. Iyakar abin da kotun coci za ta yi shi ne ta raba zaman, amma igiyar tana nan har ɗaya ya mutu. Haka aka yi musu a 1877, da Jacinto ya kai ƙara. Dokar saki ta sosai ba ta zo ƙasar ba sai 1977, shekara ɗari cur bayan nan. Saboda haka macen da ta bar gidan miji ta zama ba matar aure ba, ba bazawara ba, ba ta da suna a cikin jama'a sai na banza.

Da ta nufi gidan iyayenta sai ta tarar da ƙofa a rufe. Uban nan da ya taɓa bijire wa danginsa saboda macen da yake so, shi ne ya ce ba shi da 'ya, a ɗauka ta mutu, kada a ƙara ambatar sunanta a gidansa. Allah Sarki! João Gualberto kaɗai aka bar mata. Maria ta tashi a hannun kakanninta, an katange ta daga uwarta. Ɗanta na uku, Hilário, shi ma a hannun dangi ya girma.

Bayan haka ta yi zama da wani injiniyan hanyar jirgin ƙasa, João Batista de Carvalho, ta bi shi har yankin Minas Gerais, ba tare da aure ba tun da doka ta hana. A 1876 ta haifa masa 'ya, Alice. Nan ma aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago, don mutumin manemin mata ne na ƙin ƙarawa. Ta gaji da ganin takaici ta baro shi, Alice ta zauna wurin ubanta. Shikinya ta dawo Rio tana dab da shekara 30, ga ɗa a hannu, babu miji, babu dangi, babu ko sisi. Abin da ya rage mata a duniya shi ne yatsunta goma da abin da aka koya musu.

SANA'A

Ta kama ɗan gida a unguwar talakawa ta fara koyar da fiyano gida-gida. Da dare kuma ta shiga cikin makaɗan biki. A nan ya kamata in yi miki bayanin kiɗan da ake kira choro, ana faɗinsa shoro, ma'anar kalmar kuwa kuka. Tun 1845 wata rawar Turai mai suna folka ta shigo Rio ta kama gari. Masu kuɗi suna kaɗa ta a falo yadda aka rubuto ta daga Turai. Amma ƙananan ma'aikata, irin su 'yan gidan waya da na jirgin ƙasa da makaɗan soja, mafi yawansu baƙaƙe da ruwa biyu, sai suka ɗauke ta suka sa mata gishirin gida. Suka gauraya ta da lundu, wani kiɗa mai asali daga Afirka, suna jan sautin suna karya shi, da sarewa da jita da wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu. Abin da ya fito ya tashi daga na Turai, bai kuma zama na Afirka zalla ba. Shi ne shoro, kiɗan birni na farko da Burazil za ta ce nata ne.

Jagoran wannan kiɗa a lokacin shi ne Joaquim Callado, gwanin busa sarewa. Shi ya ba Shikinya wuri a ƙungiyarsa, ta zama mace ta farko a cikin makaɗan shoro. Aikinta shi ne ta sa fiyano, kayan falon masu kuɗi, ya yi magana da harshen titi. Ki duba fa, mace ɗaya tilo cikin maza, tana yawon gidajen biki har tsakar dare, ana biyanta. Gari ya ɗauka da gulma. Fiyanon da ake yaba wa yarinya in ta kaɗa wa baƙin ubanta kyauta, shi ne ya zama abin kunya ranar da ta karɓi kuɗi a kansa.

A zamanin babu rediyo babu garmaho. In waƙa ta yi daɗi sai a rubuta sautinta da alamomi a takarda, a buga a maɗaba'a, a sayar a kanti da kan titi, mai fiyano ya saya ya je gida ya kaɗa. A 1877 aka buga wata folka da ta tsara mai suna Atraente, wato mai jan hankali. Kafin shekarar ta ƙare an sake buga ta sau 15. Sunan Gonzaga, wanda aka hana ta amsawa a gida, sai ga shi a bangon takarda yara suna tallarsa kwararo-kwararo, kuma a cikin falon waɗanda suke zaginta 'ya'yansu mata suna koyon kiɗanta.

Daga nan ta hango gidan wasan kwaikwayo, don a can kuɗi da suna suke. Wasannin lokacin cike suke da waƙa da rawa, kuma kowanne yana buƙatar mai tsara masa kiɗa. Da farko an ƙi karɓar aikinta saboda ita mace ce. Ba ta yi zuciya ba. A watan Janairu na 1885 aka fara nuna wasan A Corte na Roça da kiɗanta, kuma a wannan shekara ta riƙe sandar jagorancin makaɗa, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba a Burazil. Har 'yan jarida suka rasa sunan da za su kira ta, don kalmar jagoran makaɗa a bakinsu ta namiji ce kawai.

Samun suna bai sa ta manta da tsatson uwarta ba. Ta shiga cikin masu fafutukar a soke bauta, tana bi gida-gida tana sayar da takardun kiɗanta, kuɗin tana zubawa a asusun 'yanta bayi. Da irin wannan kuɗi ta fanshi wani bawa mabushin sarewa da ake kira José Flauta. Ranar 13 ga Mayu, 1888, Gimbiya Isabel ta sa hannu a dokar da ta soke bauta, Burazil ta zama ƙasa ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta yi haka. A shekarar da ta biyo aka tuɓe sarki aka kafa jamhuriya, wannan ma Shikinya tana cikin masu goyon baya. Duniya ta juya, amma zuciyar ubanta ba ta juya ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai yafe mata ba.

DAGA TITI ZUWA FADA

Kowace shekara mutanen Rio suna yin wani gagarumin biki na kwanaki da ake kira Kanibal, unguwa-unguwa a fito cikin ado ana zaga gari da ganguna. Har ƙarshen ƙarni na 19 bikin ba shi da waƙar da aka tsara musamman dominsa. A 1899 Shikinya tana zaune a unguwar Andaraí, kusa da inda wata ƙungiyar 'yan biki mai suna Rosa de Ouro take gwaji. Ta saurari yadda suke taku da yadda gangunansu ke tafiya, ta zauna ta tsara musu waƙar da ta dace da tafiyar taro a kan titi. Sunanta Ó Abre Alas, wato a ba da hanya. Ita ake lissafawa a matsayin waƙar maci ta farko ta Kanibal, kuma fiye da shekara 120 ke nan ana rera ta duk lokacin bikin.

A 1912 aka nuna wasan Forrobodó, labarin wani bikin rawa a unguwar talakawa, 'yan wasa suna magana da bakin 'yan unguwa ba na 'yan boko ba. Masu gidan wasan ba su sa rai zai daɗe ba. Sai da aka nuna shi sau 1,500.

Amma labarin da ya fi ba ni dariya shi ne na 1914. Tun 1895 ta tsara wani kiɗa mai suna Gaúcho, wanda jama'a suka fi sani da Corta-Jaca, na rawar mashishi, rawar da manya ke ganin ta 'yan iska ce saboda yadda mace da namiji ke manne wa juna. To a watan Oktoba na 1914, Nair de Teffé, matar shugaban ƙasa Hermes da Fonseca, ta shirya liyafa a fadar Catete, ta ɗauki jita da hannunta ta kaɗa wannan kiɗa a gaban jakadu da manyan ƙasa. Kai, ranar an ga tashin hankali! Rui Barbosa, babban lauya kuma abokin hamayyar shugaban, ya miƙe a majalisar dattawa ya yi ta ruwan faɗa, yana cewa an shigar da mafi ƙasƙancin raye-raye cikin fadar ƙasa. Faɗan nasa bai hana komai ba, sai ma ƙara wa kiɗan farin jini da ya yi. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Matar da aka rufe wa ƙofar gidan ubanta, ga kiɗanta ya shiga gidan shugaban ƙasa tana da shekara 67.

HAƘƘIN GUMI

Akwai wani yaƙin da ta yi wanda duk mai rubutu ko ɗinki ko wata sana'ar ƙirƙira za ta gane zafinsa. Tsakanin 1902 da 1910 ta yi ta zuwa Turai, har ta zauna 'yan shekaru a Lisbon ta ƙasar Fotugal tana tsara wa gidajen wasansu kiɗa. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen ta tarar ana sayar da kiɗanta a Balin ta ƙasar Jamus, ba da izininta ba, ba a kuma ba ta ko kwabo. A gida ma haka abin yake, masu gidajen wasa da masu buga faifan garmaho su kwashe riba, wanda ya tsara abin ya tashi da tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ta tsaya kuka ba. Ta yi ta bin marubuta da makaɗa tana tara su, har a watan Satumba na 1917 suka kafa ƙungiyar marubutan wasan kwaikwayo ta Burazil, wadda ake taƙaita sunanta SBAT, ƙungiya ta farko a ƙasar mai karɓar wa masu ƙirƙira haƙƙinsu. Ita kaɗai ce mace a cikin waɗanda suka kafa ta. Tana tsohuwa tukuf ba ta fasa zuwa ofishin ƙungiyar ba, kuma ba ta ajiye alƙalami ba, don ta haura shekara 80 tana tsara kiɗa. Wasannin kwaikwayo 77 ta yi wa kiɗa, ban da ɗaruruwan waƙoƙi da kaɗe-kaɗe.

Ta rasu ranar 28 ga Fabrairu, 1935, tana da shekara 87, ana saura 'yan kwanaki a fara Kanibal. A 1984 wata marubuciya, Edinha Diniz, ta fitar da littafin tarihinta, a 1999 gidan talabijin na Globo ya mayar da rayuwarta wasan kwaikwayo, sannan a 2012 gwamnati ta yi doka cewa ranar haihuwarta, 17 ga Oktoba, ita ce ranar kiɗa da waƙar jama'ar Burazil.

ABIN DUBAWA

To 'yar uwa, ban kawo miki wannan tarihi don in ce duk abin da Shikinya ta yi daidai ne ba, ban kuma ce wata ta kashe aurenta saboda sana'a ba. Addininsu daban, al'adarsu daban, zamaninsu daban. Kuma in kin lura, duk tafin da aka yi mata bai mayar mata da shekarun da Maria da Hilário da Alice suka yi ba a cinyarta ba. Yaran nan ba su san fiyano ba, ba su san sharaɗi ba, amma su suka biya bashin rigimar manya.

Sai dai ina so mu tambayi kanmu, wa ya kai maganar inda ta kai? Da Jacinto ya bar wa matarsa awa biyu a rana ta yi abin da ranta ke so, me zai ragu a jikinsa? Da uban ya tuna irin ɗacin da ya sha lokacin da danginsa suka ƙi Rosa, ya buɗe wa 'yarsa ƙofa ko da zai yi mata faɗa, da jikokinsa sun tashi sun san uwarsu. Kowannensu ya zaɓi a ce shi ya yi nasara, aka tashi babu wanda ya ci riba a gidan.

Abu na biyu kuma na iyaye mata ne. Ranar da Shikinya ta sauka Rio da ɗa a hannu, sunan gidansu bai ba ta abinci ba, dukiyar mijinta ba ta bi ta ba. Abin nan da aka koya mata don ado shi ya biya kuɗin haya, ya ciyar da ita shekara kusan sittin, har ya fanshi wani daga bauta. Saboda haka in kin ga 'yarki ta ɗauki wani abu da gaske, ɗinki ne, lissafi ne, rubutu ne, girki ne, kada ki ce yarinta ce za ta bari. Ki taimaka mata ta iya shi sosai. In an zo maganar aure kuma, a faɗa wa mai nema tun a waje cewa ga abin da yarinya ta iya kuma take so, a ji ta bakinsa tun kafin a shafa fatiha, don kada wata rana a ce mata ta zaɓi ɗaya.

Allah Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya sa albarka a abin da hannunmu ya iya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.